Zuwa ga Alhajin unguwar PZ ta Zariya da ya tambaye ni nawa aka biya ni

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina gaisuwa, Allah ya ba da kasuwa.

Tambayar da ka jefo mini a taron masu sayar da waya da masu gyara ta iso ni yadda ka faɗe ta. Ka ce yaya mai hankali zai shawarci ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo su sayi Galaxy A15 ta Samsung mai kyamara megafiksel 50 da RAM giga 6, alhali da kusan kuɗin za su ɗauki Tecno Spark 20 Pro mai kyamara 108 da RAM 16. Ka ƙara da cewa ko dai ban iya lissafi ba, ko kuma akwai mai zuba mini wani abu a aljihu, don haka in fito in faɗi nawa aka biya ni. Tunda a gaban mutane ka yi ta, a gaban mutane zan amsa.

Ba wanda ya biya ni ko sisi, kuma maganar ta yi mini ciwo. Ka girme ni, kuma da ka kira ni gefe ka ce na yi kuskure, da na zauna na saurara. Ni ba na sayar da waya, gyara nake yi, kuma abin da mai gyara yake ci da shi shi ne yardar mutane. Masu kawo mini aiki daga Tudun Wada zuwa Kwangila sun san ban taɓa tura kowa wani shago ba. Tsakanina da kai, kai ne kake da kwalayen Spark ɗin da nake magana a kanta jibge a shago, kai ne kuma za ka ji a jika idan ba su fita ba. Ban ce shi ya sa ka yi maganar ba, amma ya dace jama'a su san inda kowannenmu yake tsaye kafin su auna.

Mu zo kan lissafin da ka ce ban iya ba. Spark 20 Pro ba ta da RAM 16. RAM ɗinta, wato inda waya ke riƙe manhajojin da suke aiki, giga 8 ne. Sauran 8 da ake rubutawa a kwali da alamar ƙari aro ne daga ma'adanar wayar, wato inda ake ajiye hotuna da bidiyo. Ana yanko wani yanki na ma'adanar a ce ya riƙe manhajojin da aka bari a baya. Ma'adana ba ta kai RAM sauri ba ko kusa, tazarar ninki da yawa ce, don haka aron ba ya sa wasa ya gudu, ba ya sa kyamara ta buɗe da wuri. Iyakarsa ya hana wayar rufe wata manhaja da ka ɗan bari, sannan ya cinye maka giga 8 na wurin ajiya. Samsung ma tana da irin wannan, RAM Plus take kiransa, Redmi ma haka, kuma duk ba na ƙirga su. Wanda yake son gani da idonsa ya shiga saitin waya, ya nemi bayanin RAM, ya kashe ƙarin, ya sake kunna wayar, sai ya ga adadin gaskiya. Saboda haka gwajin adalci shi ne 8 da 6, ko 8 da 8, domin A15 tana zuwa kala uku: mai giga 4, mai 6 da mai 8. Mai giga 4 ban taɓa ce wa kowa ya saya ba, kuma ba zan ce ba. Tsarin Samsung yana da nauyi, giga 4 ba ya ɗaukarsa tare da WhatsApp da Facebook da manhajar banki, bayan 'yan watanni za ta fara jan ƙafa.

Abin da ba ka gaya wa taron ba shi ne wayoyin biyu injinsu ɗaya ne. A15 mai 4G da Spark 20 Pro duk Helio G99 na MediaTek ke cikinsu, haka ma Infinix Hot 40 Pro, wadda kusan tagwaiyar Spark ɗin ce, tunda Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin. G99 an ƙera shi a ma'aunin nanomita 6, yana da manyan ƙwayoyi biyu na Cortex-A76 da ƙanana shida na A55. Ma'anarsa a hannun mai saye ita ce bai cika zafi ba kuma bai cika shan batir ba, amma ba injin manyan wasanni ba ne a kowace waya aka sa shi. Redmi Note 13 ta 4G, wadda ita ce ta uku a wannan sahun, Snapdragon 685 gare ta, mai ƙwayoyin A73 da suka girme wa A76, don haka ba ta fi su ƙarfi ba. Inda mai saye yake faɗa wa rami shi ne suna. Spark 20 da ba ta da Pro wata waya ce daban: Helio G85 na nanomita 12, fuska mai ƙarancin tsabta, caji wat 18. Sau da yawa yaro yakan zo da sunan da ya ji, a miƙa masa wannan, bai san kalma ɗaya ta raba su ba.

To idan inji ɗaya ne, me ya sa na fifita A15 ga ɗalibi? Saboda tsawon kwana. A15 ta fito a ƙarshen 2023 da Android 14, kuma Samsung ta yi alkawari a rubuce za ta ba ta sabon Android har sau huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar. Spark 20 Pro ta fito a lokaci guda da Android 13. Ka nuna mini alkawari irin wannan a kanta, in ka nuna zan janye. Redmi Note 13 tana samun sabuntawa, amma ita ma daga 13 ta fara, mataki ɗaya a baya. Ga mai canza waya duk shekara wannan ba komai ba ne. Amma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 farashin waya ya tashi, ɗan aji ɗaya da mahaifinsa ya haɗa masa kuɗin waya da ƙyar, da ita zai gama digiri, wataƙila har bautar ƙasa. A cikinta kuɗin makarantarsa yake shiga yake fita. Manhajojin banki sukan daina aiki a kan tsohon Android idan an ɗaga mafi ƙarancin da suke karɓa, kuma waya da ta daina samun gyaran tsaro ƙofa ce a buɗe ga masu turo manhajar sata. Wannan lamba ba a rubuta ta da manyan haruffa a kwali, amma ita ce ta fi 108 muhimmanci ga yaron.

Ita 108 ɗin ma ba yadda ake faɗarta take ba. Kyamarar tana haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, hoton da take ajiyewa a yau da kullum megafiksel 12 ne. Mai 50 tana haɗa huɗu, ta ba da 12 da rabi. Daga nan WhatsApp ya sake matse shi. Da rana a fili za ka iya kunna cikakken 108 ka sami ƙarin tsabta idan ka zuƙo hoton, wannan gaskiya ne. Bayan magariba kuwa, a ɗakin da ƙwai ɗaya ke ci, duk ukun suna wahala, domin babu wadda aka sa wa abin da ke riƙe gilashin kyamara kada ya girgiza. Inda Tecno ta yi zarra shi ne kyamarar gaba: megafiksel 32 da fitilarta, kuma kamfanin ya daɗe yana daidaita hotonsa da baƙar fata. A15 13 gare ta. Mai sayar da atamfa ko turare da ke ɗaukar kanta tana talla, ita Spark zan nuna mata.

Batun fuska yana da gefe biyu, kuma a nan ne aikina ya fi ba ni damar magana. Fuskar A15 da ta Redmi Note 13 irin da ake kira AMOLED ce, ta Spark 20 Pro da Hot 40 Pro kuwa irin da ake kira LCD ce. AMOLED ta fi kyan launi, ta fi karantuwa a ranar Zariya ta watan Maris da Afrilu, kuma idan ka mai da bangon wayar baƙi tana rage shan batir, domin ɗigon baƙi a kashe yake. Amma ranar da ta faɗi ta fashe, kuɗin ta asali ya ninka na LCD. Da yawa sukan koma wa ta kwaikwayo mai araha, wadda a gaskiya LCD ce: ta fi kauri, ba ta zama daidai a firam, haskenta ya ragu, batir ya riƙa saurin ƙarewa. A Redmi Note 13 asarar ta fi yawa, domin na'urar karanta yatsa a ƙarƙashin fuskar take, in an sa ta kwaikwayo shi ke nan ta daina aiki. A15 a maɓallin gefe take karanta yatsa, ita ba ruwanta. Sannan AMOLED tana riƙe tabon hoto idan abu ɗaya ya daɗe a kanta da cikakken haske. Mai POS da ke barin shafi ɗaya a buɗe tun safe har dare, ko mai keke-napep da wayarsa ke faɗuwa kullum, LCD ta fi masa rufin asiri, ga kuma kayan Tecno da Infinix a ko'ina cikin Sabon Gari, ga Carlcare, cibiyar gyaran kamfaninsu, don garanti. Na faɗi wannan tun farko, amma ba a kawo shi a taron ba.

Da ka kama ni a kan caja, da ka kama ni da hujja. Duk ukun girman batirinsu ɗaya ne, mAh 5,000. Spark da Redmi suna caji da wat 33 kuma da kan caja a kwalinsu, A15 wat 25 ce kuma galibi waya ce kawai da igiya. A garin da wuta kan zo ta awa ɗaya ta tafi, wannan babban abu ne. Dole mai sayen A15 ya ƙara kuɗin caja ta kirki mai ramin USB-C a lissafinsa, domin in ya jona ta da ƙaramar caja mai wat 10 zai haura awa biyu yana jira, kuma irin cajar nan mara nauyi a kan janareta ita ce ke ƙona wurin caji. Lasifikarta ɗaya ce, su biyu-biyu. Fuskarta sau 90 take sabunta hoto a daƙiƙa, su sau 120. Gefenta ma ya fi kauri. Duk na yarda.

Maganarka cewa masu son a gan su ne ke sayen Samsung ba ta buƙatar amsa, A15 tana cikin ƙananan wayoyin kamfanin. Batun 5G kuma bai shigo ba, duk ukun 4G ne.

Abin da ya fi damuna ya wuce ni da kai, Alhaji. Kasuwarmu ta koya wa mutane sayen lamba. Yaron shago yana cewa RAM 16 alhali ya san 8 ne. Ana buɗe kwali a zare caja ta asali a sa wata, a mai da leda da abin busar gashi. Ana sayar da ta hannu da aka canza wa fuska da sunan sabuwa. Ana ba da rasit babu lambar IMEI, wato lambar shaida ta kowace waya, ranar da waya ta lalace garanti ya zama gardama. Mai saye daga Giwa ko Soba ya biya kuɗin mota ya zo, ba shi da wanda zai tambaya sai wanda ke son ya sayar masa. Mu masu gyara ma da namu laifin, akwai masu sa fuskar kwaikwayo su karɓi kuɗin ta asali. Da taron ya ɓata lokacinsa a kan waɗannan, da ya fi amfani da neman wanda ya saye ni. Kowane mai saye ya danna *#06# kafin ya biya, ya gwada lambar IMEI da ta fito da ta kwali, ya sa a rubuta ta a rasit. In Samsung ce ya danna *#0*#, ya duba launukan fuska ɗaya bayan ɗaya, ya ja yatsa a duk kusurwoyi, ya gwada lasifika. Ya sa layinsa ya ga 4G ta hau tun yana shagon, musamman mai layin Glo, wanda 4G ɗinsa ke amfani da zangon sadarwa na 28 da ba kowace wayar da aka shigo da ita daga wata ƙasa ke kamawa ba.

Gani ya kori ji. Ka zaɓi rana, ka kawo Spark 20 Pro sabuwa daga shagonka, a samo A15 mai giga 8 da Redmi Note 13, a aje su a gaban mutanen da suka ji tambayarka. A cika su ɗari bisa ɗari, a kashe aron RAM, a daidaita haske, a sa musu layin kamfani ɗaya. A kunna bidiyo ɗaya na awa guda a ga abin da kowace ta sha da zafin bayanta. A buɗe manhaja goma a jere, a komo ta farko a ga wadda ta riƙe ba ta sake lodi ba. A fita da su rana da azahar a karanta saƙo, a ɗauki hoto bayan magariba ba fitila. A zuƙe su zuwa kashi 10, a jona kowace da cajarta minti 30. Sannan a aiki yaro ya tambayo kuɗin fuskar asali ta kowace a shago uku, a kuma buɗe shafin kowane kamfani a karanta shekarun da ya ɗauka zai kula da wayar. Duk inda Spark ta ci zan rubuta shi da hannuna a inda na rubuta wannan. Ni kuma ina roƙon ka janye maganar kuɗi a gaban waɗanda ka faɗe ta.

Wassalam, naka mai gyaran waya, daga Zariya.