Wasannin harbi da jirgin sama na dā ba su tsufa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yaba wa tsofaffin wasannin harbi da jirgin sama, waɗanda na ga wasu matasanmu a unguwar Nima da ke Accra suna bugawa a waya.

Wanda ya fi burge ni shi ne 1942, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a shekarar 1984. Mai wasa yana tuƙa jirgi ɗaya tak, jiragen abokan gaba suna kwararowa daga saman allo, kuma idan harsasai suka yi masa ƙawanya sai ya wuntsila a sama ya tsira. Amma wuntsilawar ƙidayayya ce, dole ya san lokacin da ya dace da ita. Nan daɗin yake, domin ido da natsuwa ne ke ba mutum nasara, kuɗi ba sa saya masa ita. A wasan Galaga kuwa, na 1981, idan aka kama jirginka ka kuɓutar da shi, sai ka riƙa harbi da jirage biyu.

Ina roƙon masu shagunan wasa a Nima da Mamobi su sanya waɗannan wasanni kusa da wasan ƙwallo.

Wassalam,
Mai karatu daga Nima, Accra