Lambar 26 ta taya ce, ba ta firam ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ya same ni, don na ga mutane da dama na shirin faɗawa ramin da na faɗa. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 keke ya dawo titi a nan Zariya, in ka tsaya Kwangila da safe za ka ga ma'aikata da ɗalibai masu nufar Samaru kowa na murza feda, kuma yanzu abin da ake yayi shi ne mai giyar nan mai ƙosassun tayu da aka yi don hawa dutse da hanyar burji. Ni ma sai na kwaɗaitu, ga zuwa aiki ga ɗan zagayen Kufena ran Asabar.

Na ga wani a intanet, hotonsa kamar ka sace, na tambayi mai shi wane saiz ne yace 26 ne oga, na manya ne. Shikenan na tura kuɗi aka sako min shi a mota daga Legas, bayan kwana uku na je tasha na karɓo kwali, na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a Sabon Gari ya haɗa min. Ina hawa ido ya raina fata, gwiwata saura ƙiris ta bugi kan keken, bayana ya tanƙware kamar mai tsince shinkafa, yaran wajen har suna ƙunshe dariya. Nace Baba a ɗaga sirdin mana. Ya ɗaga har ya kai wani ɗan zane da ke jikin ƙarfen sirdin sai ya tsaya, yace ɗana nan ne iyaka, in na wuce wannan layin wata rana ka faɗa rami ƙarfen ya lanƙwashe ko bakin firam ɗin, wato ƙarfen gangar jikin keken, ya tsage, wannan keken ai na ƙaninka ne.

Sai ya ciro tef irin na tela ya auna daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman bututun da ƙarfen sirdi ke shiga ciki, inci 15. Wannan shi ne girman firam. Ita 26 da aka yi ta faɗa min girman taya ce kawai a inci, akwai 27.5 akwai 29, kuma za ka iya samun ƙaramin firam da babban firam duk da taya 26. Ni kuma tsawona santimita 183, wato kamata ya yi in nemi inci 19 ko 20, wanda suke rubuta wa L. Yawanci S yana kamawa 15 zuwa 16, M kuma 17 zuwa 18, amma kowane kamfani da irin awonsa, M ɗin wani ya kan zo daidai da L ɗin wani, don haka a duba jadawalin kamfanin da ya ƙera keken, kar a dogara da bakin mai sayarwa shi dai cinikinsa yake so.

Kuma tsawo kaɗai ba ya isa, don akwai mai dogayen ƙafafu da gajeren gangar jiki. Ka cire takalmi ka jingina da bango, ka sa littafi tsakanin cinyoyinka ka ja shi sama kamar kana zaune kan sirdi, wani ya auna maka daga saman littafin zuwa ƙasa. Sai ka ce mai keken ya auna daga ƙasa zuwa sandar sama ta firam, ya turo hoto da tef ɗin a jiki ana ganin lambar, ba wai ya ce maka ba matsala ba. Ya kamata in ka sauko daga sirdi ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka a samu ratar kamar santimita 5 ko fiye tsakaninka da sandar, wato awonka ya fi na keken da hakan, duk namijin da ya taɓa taka birki bagatatan ya dira kan sandar nan ya san dalili ba sai na yi bayani ba. Keken da ya yi maka girma ma wahala ce, kullum kana miƙe hannu kamar mai roƙo, kafaɗa da wuya su yi ta ciwo. Sirdi ana ɗaga shi ana sauke shi, nisan da ke tsakaninka da kan keken kuwa kaɗan ake iya gyarawa.

Na kira mutumin da ya sayar min nace zan maido, yace kaya in sun fita sun fita, daga baya ma ya daina ɗaga waya. Yanzu dai keken yana hannun ɗan yayata da ke aji uku a sakandare, ya yi masa cif-cif kamar don shi aka yi, kullum sai ya wuce ta ƙofar gidana yana kaɗa ƙararrawa yana cewa Kawu ina kwana. Ni kuma na koma layin bas, ina tara kuɗin mai inci 19.

Naku,
Wani mai karatu daga Hanwa, Zariya