Kansar Huhu Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan ciwon yayata, don na lura da an ce "kansar huhu" sai mutane su ɗauka cuta ɗaya ce, kuma ta mashaya taba ce kawai.

Yaya ba ta taɓa sa sigari a bakinta ba, ko goro bai dame ta ba. Tari ya kama ta, aka ce tarin fuka ne, ta sha magani wata shida cur, ba sauƙi sai rama. Da aka tsakuro ɗan nama daga huhunta da allura aka duba a madubin likita, sai takarda ta fito da kalmar adinokasinoma. Ni da nake koyar da bayoloji a sakandare, sai da likita ya zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya.

Ashe da kamannin ƙwayoyin halittar ake rarraba cutar. Kusan 15 cikin 100 masu ƙananan ƙwayoyi ne. Sauran 85 ɗin an tara su ƙarƙashin suna guda, wai "wadda ba ta ƙananan ƙwayoyi ba", sunan da bai gaya maka komai ba sai ka shiga ciki. A nan irin na Yaya yake, wato adinokasinoma, wanda ya fi kowane yawa, wajen 40 cikin 100 na duk kansar huhu. Daga ƙwayoyin da ke fitar da majina yake tasowa, yawanci can gefen huhu, shi ya sa yake daɗewa a ɓoye. Shi ne kuma ya fi kama mata da waɗanda ba sa shan taba. Na biyu, sikwamos, ya fi zama a manyan hanyoyin iska na tsakiya, taba ce babbar uwargijiyarsa, wani lokaci har ya yi kogo a huhu, hoto ya nuna shi tamkar tarin fuka. Wanda bai yi kama da ko ɗayansu ba, shi ake kira mai manyan ƙwayoyi.

Wani zai ce ina ruwan mara lafiya da sunaye? To, magani ne ya bambanta. Akwai allurar pemetrexed da ake ba mai adinokasinoma, ba a ba mai sikwamos. Irin na Yaya kuma ana ƙara gwada shi a ga ko yana da sauyi a wata ƙwayar gado da ake kira EGFR, domin idan akwai, ƙwaya za ta riƙa haɗiya a gida, irin su gefitinib ko osimertinib.

Roƙona ga likitocinmu, idan tari ya ƙi jin maganin tarin fuka, a duba gaba tun da wuri. Dangi kuma idan an ce muku kansa ce, ku tambaya: wane iri? Mu dai an aika da naman Yaya gwajin EGFR, muna jiran sakamako. Masu karatu su sa ta a addu'a.

Wani malamin makaranta, Funtuwa