Agogon da ke auna bugun zuciya: a san iyakarsa kafin a dogara da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwa mazauna Legas kan agogunan hannu na zamani da ake cewa suna gano rikicewar bugun zuciya. Daga Agege zuwa Mile 12 za ka ga alhazai da matasa ɗaure da su, da yawa kuma 'ya'ya ne suka saya wa iyayensu masu hawan jini. Kayan suna da amfani, sai dai wanda bai san yadda suke aiki ba, ko dai su hana shi barci a banza, ko su kwantar masa da hankali alhali akwai matsala.

Zuciyar babban mutum da ke zaune yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, da tazara iri ɗaya. Rikicewar da aka fi nema ita ce wadda likitoci ke kira AF, inda ɗakunan zuciya biyu na sama ke karkarwa maimakon su matse yadda ya kamata. Jini sai ya riƙa kwanciya a ciki, ya yi guda, gudan ya bi jijiya ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai AF ya fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan ninki biyar. Abin takaici, wani yana ɗauke da ita shekaru bai ji komai ba, wani kuma sai faɗuwar gaba da haki, a ce masa ai damuwa ce ko iska.

Hanya biyu agogo ke bi. Ta farko ita ce koren hasken nan da ke walƙiya a bayansa: yana haska fata, ya lura da yadda jini ke ƙaruwa da raguwa, daga nan ya ƙiyasta bugun. Kintace ne, ba hukunci ba. Ta biyu ita ce awon lantarkin zuciya, wato ECG, wanda Apple ya fara sakawa a agogonsa a 2018, kuma akwai shi a wasu agogunan Samsung da Fitbit da ƙaramar na'urar KardiaMobile. Na agogo layi ɗaya kawai yake zanawa, na asibiti kuwa layi 12 ne. A binciken da Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar a 2019 kan mutum sama da 419,000, kusan mutum 5 cikin 1,000 ne agogo ya yi wa gargaɗi, kuma cikin waɗanda aka sake aunawa da na'urar mannawa a ƙirji, kashi 34 cikin 100 aka samu da AF.

Ga yadda ake awon da likita zai iya karantawa. A zauna a huta minti biyar. A ɗaure agogon sama da ƙashin wuyan hannu da kamar faɗin yatsa ɗaya, ya kama fata ba tare da ya shaƙe ta ba. A ɗora hannun a kan tebur ko cinya, a taɓa maɓallin gefe da yatsan ɗaya hannun, a yi shiru daƙiƙa 30, ba magana, ba danna maɓallin da ƙarfi. Galibin sakamakon da ke fitowa a gurɓace daga nan ne. Zufar Legas tana sa agogo zamewa, kuma ruwa a fata yana ɓata zanen, saboda haka wanda ya idar da alwala ya goge hannu da bayan agogon su bushe tukuna. Awon da aka yi a cikin danfo ko a bayan babur shara ce kawai, domin girgiza da motsin tsoka suna fitowa tamkar bugun da ya rikice. Mai KardiaMobile ya cire waya daga caji kafin ya fara. Idan bugun ya yi ƙasa da 50 ko ya yi sama sosai, agogon kan ce ya kasa tantancewa. Wannan ba ya nufin lafiya lau, a sake bayan 'yan mintuna.

Mafi tsadar abin da agogon zai ba mutum shi ne zanen da aka ɗauka daidai lokacin da zuciyar ke fizga, saboda AF takan zo ta tafi, mutum ya isa asibiti a auna a ga komai daidai. A adana zanen a waya, a rubuta rana da lokaci da abin da ake yi: an ci goro ne, an sha kofi ko lemon ƙara kuzari, ana azumi, ana zazzaɓi, ko an shaƙi maganin asma? Duk waɗannan suna sa zuciya gudu. Da zanen za a je wa likita a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ko na LASUTH a Ikeja, ko babban asibitin da ya fi kusa. Shi zai yi cikakken ECG, wataƙila ya rataya wa mutum na'urar Holter mai naɗar bugun zuciya na awa 24 zuwa 48, ya yi hoton zuciya don duba ƙofofinta, ya auna suga da sinadarin maƙoƙo.

Kada agogo ya nuna AF mutum ya zarce kemis ya sayi maganin tsinka jini. Warfarin, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma shi da sababbin irinsa suna iya jawo zubar jini mai kisa idan ba a auna mutum ba. Asfirin da ake sha kullum ba ya maye gurbinsu.

Batun jabu kuma: akwai agogunan araha masu rubutun ECG a kwali waɗanda zanen ƙarya kawai suke nunawa. Kafin a biya, a ɗora bayan agogon a kan katako ko kwalba. Idan ya ba katako bugu 75, a mayar wa mai shago abinsa. Ko na gasken ma ba kowace ƙasa aka buɗe wa wannan aikin ba, don haka a haɗa shi da waya a gwada a nan gaban mai kaya. Wanda ba shi da hali kada ya damu: yatsu biyu a kan jijiyar da ke ƙasan babban yatsa, a ƙirga minti ɗaya cif, a lura ko tazarar tana tsalle. Na'urorin awon hawan jini da dama ma suna nuna wata 'yar alama idan bugun ba daidai ba.

Agogo ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. Ciwon ƙirji mai nauyi, suma, numfashi sama-sama, karkacewar baki, mutuwar hannu ko harɗewar harshe ba na tsayawa duba agogo ba ne. A kira 112 ko 767, ko a nemi mota nan take, domin allurar narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, ga kuma cunkoson hanyar Legas da zai ci nasa rabon.

Allah Ya ƙara mana lafiya.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya,
Agege, Legas.