Wasiƙar godiya daga Tahoua zuwa ga ƙungiyar Legacy 1995 da hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne domin in miƙa muku godiya a bainar jama'a saboda gyaran da kuka yi wa gidan Jaekel da ke cikin harabar reluwe ta Ebute Metta a Legas, wanda na samu ziyarta lokacin da harkar albasa ta kai ni can. An gina wannan bene a 1898, ya zama mazaunin babban manajan reluwe, daga baya aka sa masa sunan Francis Jaekel, wani tsohon jami'in hukumar. Da kuka gyara shi a 2010 ba ku rushe ba, ba ku kuma lulluɓe shi da kayan zamani ba. Kun bar masa barandarsa da katakonsa, kuka mai da shi gidan tarihi mai ɗauke da tsoffin hotuna da kayan aikin ma'aikata. A ganina wannan shi ne gyara na gaskiya, domin galibin abin da muke kira gyara rusau ne da sabon fenti.

Wataƙila ku yi mamakin abin da ya haɗa mutumin Adar da wannan gida, alhali jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Tahoua ba, kuma tashar da aka buɗe a Yamai a 2014 da layin da aka ja zuwa Dosso ba su kai ga yin jigilar yau da kullum ba. Amsar tana wajen iyayenmu da kakanninmu. Tun da dogo ya isa Kano a 1911, sannan reshen Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, na Kano kuma ya kai Nguru a 1930, hanyar fatauci ta sauya wa mutanen wannan yanki baki ɗaya. Ƴan cirani da masu koren shanu da dillalan fata sukan ƙetara ta Birnin Ƙonni, su yi ta tafiya har inda dogo ya ƙare, daga nan tarago ya ɗauke su zuwa kurmi, su dawo da goro da yadi kafin ruwan shuka ya sauka. Gyaɗar ƙasar Maraɗi da Damagaram ma da yawa ta waɗannan tasoshi ta bi kafin ta kai bakin teku. Saboda haka hotunan da kuka adana tarihinmu ne mu ma, ko da yake iyaka ta raba.

Ina kuma yaba wa ma'aikatan gidan bisa haƙurin da suka yi da ni wajen bayani, duk da ƙarancin Turancina.

Roƙona guda ne, ranku ya daɗe: ku waiwayi ƙananan tasoshin karkara na arewa, musamman ta Ƙauran Namoda da ta Nguru, ku duba ɗakunan sayar da tikiti da rumfunan kaya da tankunan ruwa, ku kuma naɗi muryoyin tsoffin ma'aikata tun suna raye. Idan kuka tashi wannan aiki, a nan Tahoua akwai dattawan da suka hau jirgin, kuma a shirye muke mu haɗa ku da su.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ɗaukaka.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwar albasa, Tahoua, Jamhuriyar Nijar