Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Gubar Metanol

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan wata guba da ba kasafai ake son tattaunawa a kanta ba, don ta hanyar barasa take shigowa. Mu ajiye batun kyau ko munin shan barasa, wannan yana da masu yi masa wa'azi. Wanda aka kwantar a gadon asibiti yana haki, majinyaci ne, kuma haƙƙinsa na wuyan ma'aikatarka.

Ranka ya daɗe, metanol sinadari ne na masana'antu, ba shi da launi, kuma harshe ba ya bambance shi da barasar da aka saba. Yawancin masifar daga masu son riba take fitowa, suna zuba shi cikin barasar da ake haɗawa a ɓoye don ta yi auki. Mililita 10 na iya makantar da mutum, 30 na iya kashe shi. Mugun halinsa shi ne jinkiri. Mutum zai sha ya kwana lafiya, sai bayan awa 12 zuwa 24, lokacin da hanta ta juya shi ya zama fomik asid, ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, numfashi ya yi sauri, gani ya fara dishi-dishi. Asid ɗin nan ne ke cinye jijiyar ido, ya gurɓata jini. Ma'aikacin jinyar da bai san wannan ba sai ya ce maye ne, a bar shi ya yi barci. Daga barcin nan wasu ba sa tashi.

Duniya ta sha ganin haka. A 2001 mutum 68 suka mutu a yankin Parnu na Estoniya. A 2013 fiye da 1,000 suka sha gubar a Tarabulus ta Libiya. A 2020 ɗaruruwa suka halaka a Iran bayan jita-jitar cewa barasa na kashe korona. Libiya da Iran su suka fi tsaya mini a rai, domin a inda doka ta hana sha, tsoron kamu da kunyar dangi ne ke riƙe mutum a ɗaki har idonsa ya tafi.

Saboda haka roƙona na farko, kuma mafi girma, a fitar da umarni a rubuce: duk wanda ya zo da alamun wannan guba a karɓe shi nan take, ba a nemi takardar 'yan sanda ba, ba a tsare ɗan'uwan da ya kawo shi ba. A kama mai haɗawa, a ƙyale mai jinya.

Sai magani. Fomefizol yana hana hanta juya metanol, kuma tun 2013 yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma yana da tsada. Inda babu shi, likita kan yi amfani da etanol, wato ainihin sinadarin barasa, bisa awo da sa ido, don hanta ta shagala da shi ta bar gubar. Na san wasu za su yi turus da jin haka, to ma'aikata ce ya kamata ta yi bayani tun kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi sodiyom bayikabonet na gyara jini, a kuma san tun yanzu wane asibiti ke da injin wankin ƙoda da motar da za ta kai mutum can cikin dare.

Guba irin wannan ba ta cin mutum ɗaya, jarka guda aka raba. Da zarar asibiti ya ga biyu ko uku da alamu iri ɗaya, a sanar ta rediyo da wayoyin hannu a ranar, a kira duk wanda ya sha daga wurin ya zo ko da yana jin garau.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Naka,
Wani ɗan ƙasa