Sun cire ni daga ƙungiyar da na sayar da babur ɗina domin ta

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka da masu sauraron wannan shiri. Ni makaɗin kalangu ne, gado na yi, kuma shekarata 14 a Agege. Mu biyar ne muke wasa tare, biki da suna da wasan Sallah, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, har unguwar Sabo ta Ikorodu. Mawaƙinmu ni na ɗauko shi yana ɗan amshi, ɗaki ɗaya muka kwana shekara biyu, daga baya na ba shi auren ƙanwata.

Da gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja da Surulere da wasu ƙananan hukumomi a 2022, sai na sayar da babur ɗina na saya mana lasifika biyu da janareto. Ba mu rubuta komai ba, don ban ga abin rubutawa tsakanina da surukina ba.

Bara aka kawo wani yaro mai fiyano, wai amare yanzu kiɗan zamani suke so. Ban ƙi ba. Amma tun daga nan rabon kuɗin liƙi ya canza, a da a gabanmu ake zazzage jaka a ƙirga, yanzu sai dai a miƙo maka naka a dunƙule. Wani dare na yi magana, kuma gaskiya na ɗaga murya a gaban yara, wannan laifina ne.

Bayan sati biyu na duba waya na ga an fitar da ni daga zaurenmu na WhatsApp. Ranar Asabar ɗin nan na sa sabuwar fata a kalanguna, na ja tsarkiya, na yi wanka na zauna jiran kira har aka yi isha'i. Washegari maƙwabcina ya nuna mini bidiyonsu a wani biki, ga lasifikata nan da jan ƙyallen da na ɗaure mata a hannu. Malam, wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya iya zuwa ya dube ni ya ce mun rabu.

Abokaina sun ce in kai ƙara fadar Sarkin Hausawa a karɓo mini kayana. Wasu sun ce ai Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa kaɗai ya yi suna, to ni ba ni da murya, hannu gare ni. Ƙanwata kuma tana da tsohon ciki, ta kira ni tana kuka in rufa mata asiri, Inna ma ba ta san komai ba a gida.

Shin in na nemi haƙƙina na ɓata zumunci? In kuma na haƙura, da me zan ciyar da 'ya'ya huɗu, ga kuɗin haya ya kusa? Ko in fara samun surukin nawa mu biyu kafin manya su ji?

Naka,
Mai kalangu daga Agege